Ba kowane zazzaɓin damina ba ne maleriya

Jama'ar Zariya don Allah ku ɗan saurare ni, abin nan yana ci min rai. Da damina ta yi nisa, mutum ya ji jikinsa rau da zafi sai kemis, a ba shi maganin maleriya, in bai sauka ba a ce ai taifod ne, shikenan bincike ya ƙare. Alhali akwai cutar fitsarin ɓera, kuma ba Lassa nake nufi ba, ita wannan bakteriya ce ke kawo ta, sunanta Leptospira.

Ƙwayar siririya ce a murɗe, bakinta a lanƙwashe kamar ƙugiya, don tsabar siranta madubin lab na yau da kullum ba ya nuna ta sosai, in kuma aka ce za a raine ta a gani sai ta ɗau makonni kafin ta tsiro, to ku gaya min wane mara lafiya ne zai jira? A ƙodar ɓera take zama, shi ɓeran garau yake yawonsa yana zubar da ita a fitsari, haka shanu da karnuka. Ta samu ruwa ko laka sai ta yi makonni a raye, bushewa ce ke kashe ta. Ta faso ko ɗan yanka take shiga, ko ta ido da baki.

Yanzu ku tuna masu noman rake da shinkafa a fadamar Galma, da yaran da ke wanka a Kubanni, da mahauta, da mu da muke tsoma ƙafa cikin ruwan kwata a Sabon Gari duk ranar da aka yi mamako. Bayan sati ɗaya zuwa biyu sai zazzaɓi da ciwon kai, sharaɓa ta riƙe, ido ya yi jawur ba kwantsa. In ta yi tsanani shawara ta fito, ƙoda ta tsaya, wani har aman jini. Tun 1886 likitan Jamus Adolf Weil ya bayyana wannan mai tsananin, kuma ƙiyasin 2015 ya ce tana kama kusan mutum miliyan 1 a shekara a duniya, wajen 59,000 su rasu.

Abin da ya fi min ciwo wallahi maganinta ba wani mai tsada ba ne, doksisaikilin ko fenisilin, in an fara da wuri. Amma likita ba zai yi duba ba, kai ne za ka ce masa likita na shiga ruwan ambaliya, ko a fadama nake aiki. Ku kuma likitocinmu, daga asibitin koyarwa na Shika har ƙananan asibitocin unguwa, don girman Allah ku riƙa tambayar sana'ar mutum in gwajin maleriya ya fito babu komai.