Mariƙin waya a mota: ku daina sayen mai dogon wuya

Jama'a, musamman direbobi da masu keke Napep da 'yan kai saƙo a kan mashin, akwai wani ɗan ƙaramin kaya da kusan kowa ke saye ba tare da dogon tunani ba, wato mariƙin waya. Ana tsaye a danja yaro ya miƙo ta taga, a duba wanda ya fi tsawo da sheƙi a biya. Bayan sati biyu waya ta faɗo ƙarƙashin birki, sai a hau zagin kayan China. Ni a ganina yawancin mariƙin da ke faɗuwa laifin abu biyu ne: ko wuyansa ya yi tsawo, ko an kafa shi a inda bai dace ba kuma ba a shirya wurin ba. Tsadarsa ba ta cika shiga maganar ba.

Mu fara da wuyan, don nan ne aka fi yin asara. Wayoyin da ke hannun mutane yanzu, su Tecno da Infinix da Redmi da Samsung masu allo inci 6.6 zuwa 6.8, nauyinsu yana kai giram 200, in an saka kes mai kauri ya wuce haka. Wannan nauyi in ya rataya a bakin wuya mai santimita 30, murɗar da yake yi wa gindin mariƙi ta ninka sau uku kan wadda zai yi a wuya mai santimita 10. Kamar ɗaukar bokitin ruwa ne, riƙe shi a jikinka daban, miƙe hannu da shi daban. To ƙara masa gargadar layukan Rigasa ko Hayin Banki a nan Kaduna bayan an sha ruwan Agusta, kowane rami sai ya fizgi gindin nan. Ko bai faɗo ba, allon zai yi ta rawa, idonka ya daɗe a kai kafin ka gane kwanar da taswira ke nunawa. Amfanin mariƙi kuwa shi ne ka ɗan saci kallo ka mayar da ido kan titi. Wanda ya riga ya sayi mai lanƙwasuwar nan, kada ya jefar: ya lanƙwasa shi yadda tsakiyar wuyan ko ƙasan wayar zai zauna a kan dashbod, nauyin ya samu wurin dogara na biyu.

Robar da ke manne wa gilashi ba gam ne ke riƙe ta ba. Iskar da ke ƙarƙashinta ake kora, ta waje ta danne ta. Duk abin da zai ba iska ƙofar komawa ciki, shi ne zai kayar da ita: ƙurar hunturu, maiƙon hannu, ko robar da rana ta busar ta yi tauri har gefenta ya fara tsagewa. Saboda haka a goge gilashin ta ciki da sifirit da tsumma mai tsabta, a bari ya bushe. A wanke robar da ruwa zalla, ita ma ta bushe da kanta, kada a goge ta da tishu don yana barin gashi. A danna tsakiyarta sosai kafin a rufe ɗan makullin, ba bayan an rufe ba. Kuma a yi wannan aiki da safe ko a inuwa, ba da azahar gilashi na ƙuna ba. Mai jikin danƙo, wadda ke ɗan kama yatsa, in ta sha ƙura ta daina kamawa, wanki kawai take so, ba sabuwa ba. Yawu da wasu ke shafawa yana aiki na yini ɗaya, sai ya bushe ya bar datti.

Masu son kafawa a kan dashbod su san cewa babban maƙiyinsu shi ne man sheƙin da ake fesawa a wurin wankin mota. Dashbod ɗin da ya sha wannan mai, babu gam ɗin da zai kama shi. Sai an goge wurin da sifirit sau biyu ko uku, har tsumma ya daina santsi. In dashbod ɗin mai gurza-gurza ne, robar tsotso ba za ta zauna kai tsaye ba, sai an fara liƙa faifan roba mai santsi da ke zuwa a cikin kwalin, wanda da yawa ke jefarwa don ba su san aikinsa ba. Sannan haƙuri. Tef ɗin 3M VHB, wanda masu kyau ke zuwa da shi, kamfanin ya ce yana kai rabin ƙarfinsa bayan minti 20, kashi 90 bayan awa 24, cikakke bayan awa 72. Ka liƙa, ka danne kamar rabin minti, ka bar shi ya kwana babu waya a kai. Mutum ya liƙa a bakin shago, nan take ya ɗora waya ya hau titin Zariya, sannan ya ce gam ɗin jabu ne. Jabun ma akwai su, amma ko na gaske ba zai jure wannan ba.

Na bakin AC shi na fi yaba wa a garin nan, in dai AC ɗin na aiki, saboda dalili ɗaya: zafi. Apple ya rubuta cewa iPhone an yi ta ne ta yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, sauran wayoyi ma kusan haka ne. A Maris da Afrilu iskar waje kaɗai a Kaduna tana wuce 35, balle bayan gilashin gaba da rana ta dallo. Ka haɗa rana da taswira a buɗe da data da caji, duk a lokaci guda. Allon zai rage haske da kansa, cajin ya tsaya, wani lokaci wayar ta rubuta maka cewa sai ta huce. In ana maimaita haka kullum batir ne ke biya, shi ne za ka ga bayan waya ya fara ɗagowa. Sanyin AC yana kashe wannan matsala gaba ɗaya. Sai dai haƙoran AC na motocin Beljiyam da suka manyanta, irin su Golf 3 da Vectra da 406 da tsohuwar Corolla, robarsu ta riga ta bushe, ƙas take karyewa. A nemi mai ƙugiya da ke shiga ta kamo haƙorin ta baya, ana ɗaure shi da noti, yana kuma da 'yar ƙafa da ke dogara a jikin dashbod. Mai bakin kada da ake cusawa kawai, kwana kaɗan zai fara sunkuyawa. A kama haƙorin ƙasa, ba na sama ba. Da sanyin Disamba in an kunna hita, a rufe wannan bakin, in ba haka ba ana gasa wayar ne.

Wanda motarsa ke da ramin CD ya samu wuri a sama, tunda ba wanda ke saka faifai yanzu. Wurin na da ƙarfi kuma yana tsakiya. A duba kawai kada wayar ta rufe maɓallin wutar haza.

Game da na maganaɗisu, zancen cewa yana shanye batir ko yana goge hotuna ba gaskiya ba ne. Abin da yake iya yi shi ne ruɗa kamfas ɗin waya, kibiyar taswira ta kalli wani gefe kafin mota ta fara tafiya, daga nan ta daidaita. Matsalar gaske ita ce ɗan faifan ƙarfen da ake liƙawa a bayan waya. In wayarka tana caji ba igiya, faifan nan in ya faɗo a tsakiya zai tare cajin ya kuma yi zafi, don haka a sauke shi can ƙasa. In kes ɗin mai kauri ne, a liƙa faifan a wajensa, don ƙarfin maganaɗisu yana raguwa da sauri da ɗan tazara kaɗan. Mafi yawan masu iPhone 12 zuwa sama ba sa buƙatar faifai, zoben maganaɗisu mai suna MagSafe na cikin wayar, sai dai kes ɗin ma ya zama mai zoben.

Sai wurin kafawa, kuma a nan ba wasa. Tsakiyar gilashi a ƙarƙashin madubi shi ne wuri mafi muni, kuma shi aka fi gani. Waya mai inci 6.7 a nan tana iya ɓoye ɗan makaranta da ke shirin tsallaka titi, ko mai mashin da ya fito daga lungu. Kusurwar hagu ta ƙasa ba ta tare gaba sosai, amma tana ƙara faɗin ginshiƙin gefen gilashi da tun da ma yake ɓoye abin da ke zuwa a shataletale, ga ta kuma a bakin taga. A cunkoson bakin Kasuwar Gumi ko ƙasan gadar Kawo, gilashi a sauke, waya na haske a inda hannu zai kai, ai ka sauƙaƙa wa mai ƙwace aiki. Wurin da ya fi shi ne dama da sitiyari, daidai tsayin bakin AC na tsakiya, yadda saman wayar ba zai hau layin da kake ganin titi ba, kuma hannunka zai kai ba tare da bayanka ya bar kujera ba. Kafin ka liƙa komai, nemi inda aka rubuta SRS ko AIRBAG, a gaban fasinja, a tsakiyar sitiyari, wasu motocin har a ginshiƙan gefe. Jakar iska tana fashewa cikin ƙiftawar ido, duk abin da ke kanta fuskar mutum zai nufa. Mariƙin da ake ɗaurawa a jikin sitiyari, wannan bai kamata ma a sayar da shi ba.

Igiyar caji ta zama mita ɗaya ko ƙasa da haka, kada ta ratayo kan giya ko ta naɗe ƙarƙashin sitiyari. Ramin USB na jikin rediyo a motoci da yawa rabin amp kawai yake bayarwa, shi ya sa za ka ga waya na caji amma kason batir na sauka. A saka caja a ramin laita, mai 2.4A ko mai saurin caji na wat 18 zuwa 20. Direbobin manyan motoci su tabbata an rubuta 12 zuwa 24V a jikinta.

Masu mashin lamarinsu daban ne. Kan Boxer da ire-irenta kaurin ƙarfen milimita 22 ne, a sayi mai mannewa da ƙarfe da noti, ba na roba mai ɗauri kamar agogo ba. In ya ɗan yi yawa, a yanko robar tsohon tub a naɗa a ciki, za ta hana shi juyawa ta kuma sha wani abu daga cikin girgizar. Ya kama wayar ta kusurwa huɗu, a ƙara da ragar roba. Girgizar inji tana lalata kyamarar wayoyi masu daidaita hoto da kansu. A 2021 Apple ya fito ya yi gargaɗi a kan haka, ya ce ko a ƙananan babura a yi amfani da mariƙi mai rage girgiza. Alamar ita ce ka buɗe kyamara ka ga hoto na rawa ko ya ƙi fitowa tar. Shawarata ga ɗan kai saƙo, ya ware tsohuwar waya mai arha don taswira, mai tsadar ta zauna a aljihu. Jakar leda ta kare ruwa tana da amfani da damina, amma da rana ta fito tanda ce, a cire. In za a haɗa caja, mai gyaran lantarkin mashin ya bi ta layin makulli ya saka fiyus, don wadda aka haɗa kai tsaye da batir tana tsotsa ko mashin na ajiye. Masu keke kuma su kafa a tsakiya daf da kan, ba a ƙarfen gefe inda mai wucewa zai zare ba.

Duk wannan don taswira da ganin wanda ke kira ne. Abin takaici, an mayar da mariƙi talabijin. Za ka ga direba ɗauke da fasinja yana kallon ƙwallo ko yana jan TikTok da yatsa, wai ai wayar ba a hannunsa take ba. A gudun kilomita 60 mota na cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, kallon daƙiƙa uku ya zama mita 50 a makance. A gudun 100 kan hanyar Abuja ya haura mita 80. Amfani da waya ana tuƙi laifi ne a wurin 'yan Road Safety, kuma kasancewarta a maƙale ba ya wanke mai latse-latse. A saka inda za a je kafin a tada mota, a kunna muryar jagora, a sauke taswirar Kaduna a Google Maps tun a gida don kada katsewar sabis ta sa a fara taɓe-taɓe a hanya.

In za ka saya, kada ka yarda da hoton kwali. Ka saka wayarka da kes ɗinta, ka kife ta a kan tafin hannunka ka girgiza. Duba ko hannayen gefe na danna maɓallin ƙara ko na kashewa, ko ƙafar ƙasa ta toshe ramin caja, ko bakin ya yi zurfin da zai rungume kes. Juya bayansa ka ga ƙwallon: mafi yawansu milimita 17 ne, irin na na'urorin Garmin, don haka in kan ya lalace ko notin robar ya tsage da zafi, kan kaɗai za ka canza, gindin na nan. Notin da yatsa ake ɗaure shi, filaya na fasa shi. In ka yi fakin a kasuwa ko masallacin Juma'a, cire wayar, mariƙin gilashi ma a cire shi a sa a aljihun mota, a goge zoben da ya bari, don mai leƙen motoci da shi yake gane akwai abin nema a ciki.