Ƙarancin matsi a silinda ba kullum zoben fistan ba ne

A bakin kogin Kwara nan Yamai, da injin kwale-kwale ya rage ƙarfi sai ka ji an ce zoben fistan, wato zoben ƙarfen da ke hana iska zurarewa a cikin silinda, ya mutu, a kwance injin. Sau da yawa kuɗi ne ake zubarwa a banza.

A fara da awo. A ɗumama injin cikin ruwa, a cire buji (fulogi) duka, a zare igiyar kashe wuta, a buɗe totur gaba ɗaya. A ɗaura ma'aunin matsi a ramin buji, a ja igiyar tayar da inji sau 5 har allurar ma'aunin ta tsaya. Bambancin silinda da silinda shi ne abin dubawa: in ya wuce kashi 15 cikin 100, akwai matsala.

Sai a zuba ƙaramin cokali ɗaya na man inji a wadda ta gaza, a sake awo. In allura ta hau sosai, zobe ne ko bangon silinda ya karce. In ba ta motsa ba, a duba shimfiɗar da ke ƙarƙashin kan silinda. Yashi da laka, musamman da rani ruwa ya ja baya, suna cinye robar famfon ruwa, injin ya yi zafi, shimfiɗar ta ƙone. Ɗigon ruwa a bakin buji shaida ce. A injin mai bugu huɗu, a duba bawul ma, wato ƙofofin shigar mai da fitar hayaƙi.