Jiri ba ragwanci ba ne

Wai har yanzu akwai masu kare kocin nan na gidan motsa jiki? Yaro ya tashi daga aiki, cikinsa ba komai tun daren jiya, an ɗora masa ƙarfe a kafaɗa a makonsa na farko na cin abinci sau ɗaya a rana, ya yanke jiki ya faɗi, shi kuma gogan naku abin da ya iya cewa shi ne yaron ba shi da zuciya. Sannu, mai zuciya. Allah ya ƙara zuciya.

Ni ma sau ɗaya nake ci, ina aiki, ina motsa jiki, don haka kada wani ya ce ƙyashi ne. Magana ɗaya nake yi: jiki ba ya sabawa dare ɗaya. Wanda ya shekara talatin yana ci sau uku, cikinsa ya san lokacinsa. Akwai sinadarin yunwa da ake kira ghrelin, yana tashi daidai lokacin da ka saba cin abinci, ko ka ci ko ba ka ci ba. Kafin ya koyi sabon lokaci sai an ɗauki kwanaki, wani ma makonni. A hankali ake janye karin safe, a matsa da na rana gaba, a rage nauyin atisaye tukuna.

To, kilo biyu ko ukun da kuke ɗaukar hoton sikeli kuna yi mana gori da su a makon farko fa? Yawanci ruwa ne. Hanta tana ajiye sukari kamar giram 100, tsoka kamar giram 400, kuma kowane giram yana riƙe da ruwa kusan giram 3. Ajiyar na ƙarewa ruwan zai bi ta, ƙoda kuma ta riƙa zubar da gishiri. Ga ciwon kai, ga jiri, ka miƙe tsaye ka ga duhu-duhu, hannu na rawa a kan kwamfuta wajen ƙarfe uku na rana. Jikinka ne yake maka magana, kai kuma an ce maka ka toshe kunne.

Na san za a ce ai wane ya fara rana ɗaya bai ji komai ba. Allah ya ba wane lafiya. Ni ba da wane nake ba.

Abin da ya fi damuna, tsakani da Allah, ba a gaya wa yaran nan me za su zuba a farantin nan guda ɗaya. Mai ɗaga ƙarfe yana bukatar furotin, wato sinadarin gina jiki, kusan giram 1.6 a kowane kilo na nauyinsa. Mai kilo 70 ke nan sai ya haɗa giram 112, alhali ƙwai ɗaya giram 6 ne kacal. Ku yi lissafin da kanku, a zama ɗaya! In bai samu ba, tsokar da yake wahala a kanta ita ce za ta fara zubewa. Ko binciken da aka yi a Amurka a 2007, inda mutane suka yi mako 8 suna ci sau ɗaya, kitse ya ɗan ragu, amma jininsu ya ɗan hau, kolestarol, wato kitsen cikin jini, ma haka. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin, mai juna biyu, mai shayarwa, don Allah kada ku fara sai kun ga likita. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Sai a hankali, jama'a. A sha ruwa sosai, a matsar da atisaye kusa da lokacin cin abinci, ranar da jiri ya zo a ajiye ƙarfen a zauna.

Af, ku kuma masu naɗe ciki da leda kuna gudu cikin rana wai kitse zai narke, gumi ne kawai kuke yi. Kofi biyu na ruwa za su maido da abin da sikeli ya ce kun rage. Kuma don Allah in kun kwance ledar ku daina barinta a kan benci, wasu ma za su zauna.