Zaman Baƙunci a Doha da Abin da Tafiye-tafiye Suka Nuna Mini

A ƙasar Katar, cikin kowane mutum goma da za ka haɗu da su, kusan tara baƙi ne. Yawan jama'ar ƙasar ya kai kimanin miliyan 3, amma 'yan ƙasa ba su wuce kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari ba. Sauran duk neman abinci ne ya kawo su, daga Indiya da Nepal da Bangladesh da Filifins da Masar da Sudan da Kenya da Yuganda, har da mu 'yan Afirka ta Yamma. Wanda ya ji wannan lissafi zai ɗauka cewa a nan ne baƙo ya fi sakewa, tunda shi ne ya cika titi da kasuwa da masallaci. Abin da na gani a zaman da nake yi a Doha, babban birnin ƙasar, ya saɓa wa haka. Ban san wani birni da ya kai wannan iya karɓar baƙo cikin tsari ba, kuma ban san wanda ya kai shi ƙwarewa wajen tabbatar da cewa baƙon zai ci gaba da amsa sunansa har ranar da zai ɗaure kayansa ba. Bahaushe kuwa, wanda ya gaji fatauci da ci-rani da zaman zango tun kaka da kakanni, yana da ma'aunin da zai auna irin wannan zama da shi.

Sai an fara da yanayin ƙasar, domin shi ne ya tsara komai. Ruwan saman da ake samu a shekara yawanci ba ya kai milimita 100, kuma babu kogi ko ɗaya. Daga watan Yuni zuwa Satumba zafi kan haura maki 45 a ma'aunin Salshiyas, har an taɓa auna sama da 50 a watan Yulin 2010. Mu da muka san bazarar Sakkwato ko ta Agadas mukan zo da tunanin cewa babu zafin da zai ba mu tsoro, amma namu zafin busasshe ne, kuma idan dare ya raba akan samu sassauci a shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Na Doha yana tafe da danshin teku. A watan Agusta, mai tabarau idan ya fito daga mota sai gilashinsa ya rufe da raɓa nan take, kuma ruwan famfo da ya wuni a tankin saman bene yakan yi zafin da ba a iya alwala da shi, har mutane suka gano dabarar kashe na'urar dumama ruwa su riƙa ɗiba daga cikinta, domin wanda ya kwana a cikinta ya fi sanyi. Tun 2021 doka ta hana aiki a fili daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na yamma, tsakanin 1 ga Yuni da 15 ga Satumba.

Illar wannan yanayi ga zamantakewa ta fi illarsa ga jiki. Kusan rabin shekara mutum yana fita daga ɗaki mai sanyi ya shiga mota mai sanyi ya nufi ofis ko kanti mai sanyi, don haka babu zaman dakali, babu majalisar ƙofar gida, babu tsayuwar gaisuwa a lungu wadda ta nan ne maƙwabtaka ke ƙulluwa a wajenmu. Za ka shekara a bene ɗaya da mutum ba ka san sunansa ba. Sai sanyi ya shigo, daga Nuwamba zuwa Maris, birnin ke fitowa waje, gaɓar teku da wuraren shaƙatawa da kasuwar Suk Wakif su cika, kowace al'umma da nata gungun.

Idan na kwatanta Doha da Agadas, bambancin da nake gani shi ne yadda kowanne ya yi da hamada. Agadas ta yi sulhu da ita: ginin ƙasa mai kaurin bango, lunguna masu inuwa, da hasumiyar masallacin nan mai tsawon mita 27 wadda ta ɗaruruwan shekaru tana tsaye, ga ayarin gishiri da ke ratsa Tenere zuwa Bilma da Fachi a lokacin da yanayi ya ba da dama. Katar ma ta taɓa rayuwa haka, zamanin da arzikinta yake wajen nutso a teku a ciro lu'ulu'u, kuma kufan garin Zubara da ke arewa maso yamma shaida ne. Abin sha'awa, a shekara ɗaya, wato 2013, UNESCO ta sanya tsohon garin Agadas da Zubara cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Amma tun da aka fara fitar da man fetur a 1949, aka kuma gano makeken filin iskar gas na arewa a 1971, Doha ta daina lallashin hamada, ta sa kuɗi ta danne ta. Kusan duk ruwan da ake sha tace shi ake yi daga teku, abinci kuma mafi yawansa shigo da shi ake yi. Ranar 5 ga Yunin 2017, da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Bahrain da Masar suka yanke hulɗa da ƙasar, aka rufe kan iyakarta ɗaya tilo ta tudu, sai da ta kai ga ɗauko shanun tatsa a jirgin sama don a samu madara. An sasanta a garin Al-Ula na Saudiyya a Janairun 2021, amma mazauna da yawa ba su manta da yadda suka ga kantuna a kwanakin farko ba.

Ba zan rage wa birnin haƙƙinsa ba. Wuta ba ta ɗaukewa, famfo ba ya ƙafewa, mace na iya dawowa daga aiki cikin dare ba tare da fargaba ba, ba a cire harajin albashi, kuma riyal yana ɗaure da dala a kan 3.64, abin da ya sa mai tura kuɗi gida ya san darajar guminsa. Wanda ya fito daga inda janareta da sayen ruwan kura da tsoron hanya suka cinye rabin ƙarfinsa ba zai raina wannan ba, kuma ba na ganin adalci ne mutum yana cin moriyar abu yana kushe shi baki ɗaya.

Inda nake da magana shi ne matsayin baƙo. A tsarin fataucinmu na da, falke idan ya sauka a Salaga ko Kumasi yana da fatoma, wanda zai ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da masu saye, ya tsaya masa idan rigima ta taso. A nan ma kowane ma'aikaci yana da wanda ya tsaya masa, wato kafili, kuma izinin zamansa a kan sunan wannan mutum ko kamfani yake. Sai dai falke idan bai ji daɗin fatomansa ba, baɗi sai ya sauka a wani gida, alhali shekaru da dama ma'aikaci a Katar ba ya iya canza aiki, ba ya ma iya fita ƙasar, sai da amincewar kafilinsa. An yi gyara, musamman da idon duniya ya dawo kan ƙasar saboda gasar cin kofin duniya ta 2022. A 2018 aka soke izinin fita ga mafi yawan ma'aikata, a 2020 aka cire sharaɗin takardar amincewar mai gida kafin canza aiki, sannan daga Maris na 2021 mafi ƙarancin albashi ya zama riyal 1,000, da ƙarin 500 na masauki da 300 na abinci idan mai aikin bai samar da su ba. Gyaran na gaske ne, amma tushen bai motsa ba, domin har yanzu zamanka yana rataye da aikinka, kuma ranar da aikin ya ƙare aka soke katinka, kwanakinka a ƙasar ƙidayayyu ne.

Duk mai son ganin wannan da idonsa ya je wuraren tura kuɗi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, musamman a farkon wata. Layi ne na maza sanye da wankakkun kayan da suka tanada don wannan rana, kowa riƙe da katin zama da waya, yana duba farashin canji a allo yana lissafi a zuci. Da yawansu sun yi shekaru ba su ga 'ya'yansu ba sai ta bidiyo, tunda kawo iyali yana buƙatar albashin da leburan gini ko mai gadi ba zai taɓa kaiwa ba.

A tarihinmu zango yakan zama gari. Jikokin fataken goro suna nan a Kumasi da Akara, 'yan Gana ne cikakku. Mutanen da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 sun kafa Mai Wurno a bakin kogin Nilu a Sudan, zuriyarsu kuma tana can. A Kano ma Larabawan Gadamas da Tarabulus sun zauna a Dandalin Turawa har suka narke cikin gari, haka kuma Kwarori da dama suka zama 'yan ƙasa. A Katar kuwa, dokar 2005 ta ce sai mutum ya yi shekara 25 a jere kafin ya nemi zama ɗan ƙasa, kuma ba a bai wa fiye da mutum 50 a shekara. Izinin zama na dindindin da aka ƙirƙiro a 2018 shi ma an ƙayyade shi ga mutum 100 a shekara. Yaron da aka haifa a Doha, ya yi karatu a nan, ba ya jin wata ƙasa a ransa sai wannan, fasfon ubansa zai riƙe. Na fahimci dalilinsu, domin al'ummar da ta zama 'yar tsiraru a gidanta dole ta ji tsoron ɓacewa. Mu ma ba mu da bakin yin alfahari sosai, tunda Gana ta kori baƙi a 1969, Najeriya ta rama a 1983, kuma har gobe takardar shaidar asali tana hana wanda aka haifa a wata jiha samun gurbin karatu ko aiki a inda ya tashi. Bambancin shi ne namu nuna bambancin ya saɓa wa abin da muke faɗa da baki, nasu kuwa a rubuce yake, an gaya maka tun kafin ka hau jirgi.

Ina ganin wannan rashin saiwa ne ya sa mazauna Doha suka zama matafiya. Ƙasar ƙarama ce, tsawonta daga kudu zuwa arewa bai fi kilomita 160 ba, don haka cikin 'yan watanni mutum ya gama zagaye ta: Zubara, da Khor al-Udaid inda teku ya kutsa cikin tuddan rairayi, da gonakin arewa. Daga nan sai ido ya koma waje. Ta kan iyakar Abu Samra ana shiga Saudiyya, kuma cikin 'yan sa'o'i ana isa dausayin Al-Ahsa mai itatuwan dabino sama da miliyan 2, inda bayan watanni na kallon gilashi da kankare mutum zai ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Umara kuwa, wadda a gida ake tara mata kuɗi na shekaru, a nan tafiyar kimanin sa'a biyu da rabi ce a jirgi zuwa Jidda, kuma a ganina wannan ita ce babbar ribar zama a yankin ga Musulmi. Oman ta fi ko'ina kwanta mini a rai. A Salala, daidai lokacin da Doha ke tafasa, iskar damina daga tekun Indiya kan rufe duwatsu da hazo da yayyafi su yi kore shar, kuma a can za ka tarar ɗan ƙasa yana tuƙa tasi, yana zaune a shagonsa, kuna ciniki ido da ido, abin da ba kasafai ake gani a Doha ba.

Tafiya mai nisa ita ce ke tuna wa kowa matsayinsa. Filin jirgin saman Hamad, wanda aka buɗe a 2014, ya haɗa birnin da kusan kowace nahiya, kuma a 2022 aka fara tashi daga nan a sauka Kano. Amma ofis ɗaya, albashi kusan ɗaya, abokin aikinka mai fasfon Ingila zai yanke shawara ranar Laraba ya kwana a wata ƙasa ranar Alhamis, kai kuwa sai ka haɗa bayanan banki da wasiƙar wurin aiki da shaidar masauki, ka jira ranar ganawa a ofishin jakadanci, sannan a iya hana ka ba tare da gamsasshen bayani ba. Ko Dubai da ke nan kusa, daga 2022 zuwa tsakiyar 2024 an dakatar da bai wa 'yan Najeriya biza. Wanda ya saba tashi daga Kano ya bi ta Maraɗi, ko ya ratsa Kwatano da Lome zuwa Akara ba tare da biza ba, albarkacin yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, a nan ne yake sanin darajar abin da ya ɗauka ba komai ba ne. Shi ya sa ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar a Janairun 2025 ta dame ni fiye da yadda ta dami wasu 'yan uwana da ke gida.

Tafiyar da ta fi kowace nauyi ita ce ta hutun shekara. Ana isa gida da akwatuna cike da dabino da turare da jallabiyoyi, a yi makonni ana gaisuwar ta'aziyyar waɗanda suka rasu da barkar waɗanda aka haifa, kuma kafin mutum ya gama gane sababbin fuskokin unguwa lokacin komawa ya yi. An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma ana ganin haka a ƙananan abubuwa, kamar yadda ake yanke shawarar iyali a sanar da kai daga baya, ko yadda ake fara auna zumuncinka da abin da ka turo.

Saboda haka nake jayayya da samarin da ke rubuto mini suna cewa suna so su “koma” Katar. Abin da ake yi a nan ci-rani ne, ko da ya ɗauki shekara ashirin, kuma ya kamata a shigo shi da lissafin ɗan ci-rani. Baƙo ba shi da fansho a wannan ƙasa. Abin da dokar ƙwadago ta tanadar masa shi ne kuɗin sallama, wanda mafi ƙarancinsa albashin mako uku ne na kowace shekarar da ya yi aiki, kuma a kan gundarin albashi ake lissafa shi, ban da alawus na gida da na mota. Wanda ya yi shekara goma zai tashi da abin da bai kai albashin wata bakwai cikakke ba, da tikitin komawa, da 'ya'yan da watakila Hausarsu ba ta kai ta ciniki a kasuwa ba.