Jos ke da tarihin silima, Abuja ke cin biki

Duk shekara idan lokacin bikin fina-finai na Zuma ya zagayo, sai Hukumar Fina-finai ta Najeriya ta tattara nata ya nata daga Jos, inda hedikwatarta take, ta nufi Abuja. A sha jawabai, a raba kyaututtuka, a ɗauki hotuna, a watse. Garin da ke riƙe da hukumar, da makarantar koyon fim ta ƙasa, da rumbun ajiyar tsofaffin fina-finai, ko ƙanshin bikin ba ya ji. Abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Wanda ya tashi a Jos ya san tsofaffin gidajen silima: ya san Rex, ya san New Era, ya san Kwararafa. A da can ake kallon Indiya da Chanis da kaboyi. Leburan kuza da yaran kasuwar Taminus, Birom da Bahaushe da Ibo da Bayerabe, duk benci ɗaya, ihu ɗaya idan jarumi ya kayar da bos. A bakin ƙofa ga mai tsire, ga mai shayi yana maganin sanyin Jos. Babu mai tambayar wani daga wace unguwa ya fito.

Kaset ɗin bidiyo ne ya fara kwashe 'yan kallo, gaskiya ne. Amma abin da ya ƙarasa kashe fitar dare shi ne rikicin Satumban 2001, da gobarar Taminus a 2002, da rikice-rikicen da suka biyo baya a 2008 da 2010. Dokar hana fita ta zama ruwan dare, unguwanni suka rabu, kowa ya koma inda nasa suke.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji masu cewa zamanin silima ya wuce tunda kowa na da waya a hannu. Wace waya ce ta taɓa zaunar da ɗan Unguwar Rogo kusa da ɗan Unguwar Rukuba na awa biyu? Waya kowa ɗakinsa take kai shi, ta cika masa kunne da jita-jitar da ke ƙara nisanta shi da maƙwabcinsa. Masu wannan magana sun ɗauka fim kaɗai ake zuwa nema a silima, alhali Jos ta rasa wurin zama tare ne. Masu cewa silima matattarar lalata ce kuma, su duba abin da 'ya'yansu ke kallo a ƙarƙashin bargo tukuna.

Kuma ba abin nunawa muka rasa ba. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an ɗauka ya ɓace, sai ga shi a ma'ajiyar hukumar. Aka gyara shi, aka haska shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Jamusawa sun kalle shi a babban allo. Matasan Jos nawa suka samu wannan dama? Ɗaliban fim da na wasan kwaikwayo a Jami'ar Jos suna gama aikinsu, malami ya ba da maki, aikin ya mutu a cikin kwamfuta. Wannan abin kunya ne.

Gwamnatin Filato da hukumar su zaɓi tsohon gidan silima ɗaya a tsakiyar gari, inda kowane ɓangare zai iya zuwa ba fargaba. A gyara shi, a sa kuɗin shiga da ɗan acaɓa zai iya biya, a fara da kallon la'asar. Sannan a kawo Zuma Jos, ko da shekara ɗaya cikin biyu.