Fim ɗin da ba shi da kuɗin talla, bakinka ne tallansa

Assalamu alaikum 'yan'uwana matasa, sa'o'ina da ƙannena.

Wani ɗan ƙaramin fim da na kalla a makon jiya ne ya sa ni wannan rubutu. Wasu samari ne suka yi karo-karo suka shirya shi, suka ɗora a YouTube. Labarin wani makashi ne da ke bin mutanen unguwa guda yana yi musu kisan ɗauki ɗai-ɗai, kowace gawa a tarar da alama iri ɗaya a tafin hannunta, ga wani ɗan sanda yana ta faman gano ko wane ne. Da gani ka san aljihun masu fim ɗin ba shi da nauyi. Ofishin 'yan sandan falon gida ne aka jera wa tebur biyu, kuma idan dare ya yi a cikin labarin sai ka ƙura ido sosai kafin ka gane wa ke magana. Duk da haka na zauna har ƙarshe, kuma sai ana saura kaɗan a tashi na gano makashin.

Da na gama sai na saurari abin da jama'a ke faɗa a kansa, a majalisarmu da kuma rukunin WhatsApp na abokai. A nan raina ya ɓaci. Wani ya ce asarar data ce kawai, da aka matsa shi ya amsa cewa minti goma ya kalla. Wani abin da ya ɗauko duka shi ne jinin da aka zuba ya yi kama da zoɓo. Wani ya bar fim ɗin ya koma kan yarinyar da ta fito a matsayin 'yar jarida, yana aibata kamanninta. Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne wanda ya kalla har ƙarshe, ya ji daɗinsa, sannan ya rubuta sunan makashin ɓaro-ɓaro a gaban mutane sama da arba'in da ba su kalla ba.

Ku tsaya ku dubi halin da irin wannan fim yake ciki. Babban kamfani yana da kuɗin allunan talla da rediyo da talabijin, ko an zage shi mutane za su je su gani da idonsu. Ƙaramin fim ba shi da ko ɗaya. Abin da zai sa mutum na biyu ya kalla shi ne abin da na farko ya faɗa masa. Don haka maganarka a kansa shaida ce, kuma Allah Ya ce a Suratul An'am idan za ku yi magana ku yi adalci. Ban ga inda aka cire maganar fim daga wannan umarni ba.

A shekarar 1960 fina-finai biyu na makasa sun fito, wata biyu ne tsakaninsu, kuma dukansu ba a kashe musu kuɗi mai yawa ba. Na farko, Peeping Tom, ya fito a Landan a watan Afrilu. Wanda ya ba da umarninsa, Michael Powell, dattijo ne mai shekara 54, yana cikin manyan daraktocin Ingila da ake alfahari da su. Labarin wani mai ɗaukar hoto ne da ke kashe mata yana naɗar tsoron da ke fuskarsu da kyamara. Masu sharhi a jaridun Landan suka yi masa ca, suka kira fim ɗin ƙazanta, ba a daɗe ba aka janye shi daga gidajen sinima. Ba na cewa ba su da dalilin jin ƙyama, fim ne mai tayar da hankali, ni ma ba zan ba ƙanena ya kalla ba. Amma sukar ta wuce aikin ta hau kan mutumin. Daga nan samun aiki ya yi wa Powell wuya a ƙasarsa, har sai da ya tafi Ostireliya ya yi fim biyu a can. Sai a 1979, bayan shekara 19, shahararren daraktan Amurka Martin Scorsese ya taimaka aka sake fito da fim ɗin a New York, yau kuma ana lissafa shi cikin muhimman fina-finan Ingila. Ra'ayin jama'a ya juya, amma shekarun da mutumin ya rasa ba su dawo ba.

Na biyu shi ne Psycho na shahararren darakta Alfred Hitchcock, wanda ya fito a Amurka a watan Yuni. Kamfanin Paramount bai so ya zuba kuɗinsa a labarin ba, sai Hitchcock ya ɗauki nauyin aikin da kansa. Ya kashe kusan dala dubu 800, ya yi amfani da ma'aikatan shirinsa na talabijin domin sun fi araha da sauri, ya ɗauki fim ɗin baƙi da fari a lokacin da shi kansa ya saba yin mai launi. Wancan abokin namu da ke dariyar zoɓo, ina so ya san cewa jinin da ke gangarawa a fitowar banɗaki ta wannan fim, inda ake kashe wata mata da wuƙa, wadda har gobe ake koyar da ita a makarantun fim, ruwan cakulan ne. Ƙarar sukar wuƙa da ake ji, wani dangin kankana aka caccaka aka naɗi sautinsa. Kiɗan kuwa Bernard Herrmann ya tsara shi da kayan tsirkiya zalla, dangin goge, babu ganga babu kakaki. Kusan ba ka ganin wuƙar ta taɓa jiki, yankan hoto da sauti ne suka sa mutane ihu a cikin sinima. Wasu masu sharhi sun raina fim ɗin da farko, jama'a kuwa suka yi dogon layi, ya ninka kuɗinsa sau da yawa.

Abin da Hitchcock ya yi don kare sirrin labarinsa shi nake so mai tona asirin makashi ya ji. Bai nuna wa 'yan jarida fim ɗin kafin ranar fitowa ba, da su da sauran jama'a rana ɗaya suka gani. Ya sa gidajen sinima suka hana kowa shiga da zarar an fara, ko da ya sayi tikiti sai ya jira zagaye na gaba. Ya kuma roƙi waɗanda suka kalla kada su faɗa wa kowa yadda ya ƙare. Ya san fim irin wannan jarinsa ɗaya ne, wato tambayar nan ta wane ne yake kisan. Wanda ya amsa maka ita tun kafin ka zauna ya sace maka awa biyu na jin daɗi, ya kuma sace wa masu fim ɗin mai kallo. Samarin nan watakila wata shida suka yi suna ɓoye amsar a cikin labari, kai kuma ka zubar da ita da layi ɗaya. Magana zarar bunu ce. Idan kana son tattauna ƙarshen, nemi wanda ya riga ya kalla ku koma gefe.

Kada wani ya fahimce ni a kan a riƙa yabon ƙarya. Wanda ya ce wa samarin nan aikinsu ya kai na Hollywood ya cuce su fiye da mai zagi, domin gobe za su maimaita kuskuren. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Abin da nake nema shi ne ka raba abin da kuɗi ke saya da abin da hankali ke samarwa. Kyamara mai kyau da fitilu da motocin 'yan sanda da kaki na gaske, duk kuɗi ne. Idan ka ɗauko fim ɗin October 1 na darakta Kunle Afolayan, na 2014, inda marigayi Sadiq Daba ya fito a matsayin Sufeto Ɗanladi Waziri yana farautar mai kashe mata a wani gari na ƙasar Yarbawa gab da samun 'yancin kai, ka ajiye shi kusa da fim ɗin yaran nan ta fuskar kayan aiki, ka zalunce su, domin an kashe wa wancan ɗaruruwan miliyoyin naira. Amma akwai tambayoyin da ko da waya aka ɗauki fim dole ya amsa. Shin makashin ya kasance a gabanmu tun farko, ko kuwa a minti biyar na ƙarshe aka jefo wani baƙo da ba mu taɓa gani ba? Idan ka sake kallo, za ka ga alamun da aka ajiye maka ka wuce su? Ɗan sandan da tunaninsa ya gano gaskiya, ko sa'a ce ta faɗo masa? Dalilin kisan ya shiga hankali? A nan ne suka take da amfani, domin biro da takarda kawai ake buƙata a gyara. Ka faɗi fitowar da ta lalace, ka faɗi dalili.

Akwai kuma abin da ya fi duk waɗannan nauyi a wurina. Na ga yara biyu sun sa hoton makashin a shafinsu suna kiransa oga, suna yaba yadda ba ya tsoro. Ƙannena, ku yi hattara da abin da zuciya ke sabawa da shi. Yabon ɗan wasan da ya iya fitowa a mugu daban, sha'awar muguntar daban. Littafin da aka ciro Psycho daga cikinsa, na Robert Bloch, yana da alaƙa da labarin wani mutum na gaske, Ed Gein, da aka kama a wani ƙauye na jihar Wisconsin a 1957, ya amsa cewa ya kashe mata biyu. Matan nan suna da 'yan'uwa da suka yi kukan rashinsu. Mu da muka san ɗaukar gawa daga gefen hanya, muka san zaman makokin wanda aka soka wa wuƙa a kan waya, bai kamata mu zama masu tafa wa makashi ba ko a cikin wasa. Suratul Ma'ida ta ce wanda ya kashe rai guda ba da haƙƙi ba kamar ya kashe mutane duka ne. Kuma idan fim yana da jini da yawa, faɗin hakan yana cikin shaidar da ake nema daga gare ka, domin a gidajenmu waya ɗaya ce ke yawo daga hannun yaya zuwa na ƙaramin ƙane.

Ni dai na rubuta wa samarin nan saƙo ta akwatinsu na sirri. Na ce musu ɗan sandansu ya yi ƙoƙari, kuma sun iya ɓoye makashinsu. Na ce dalilin kisan bai gamsar da ni ba, na nuna musu fitowa biyu da za su iya ƙarfafa shi. Na kuma roƙe su su cire yarinyar nan daga bakin mutane ta hanyar fitowa su kare ta, tunda su suka gayyato ta aiki. A ƙarshe na ce idan za su yi kashi na biyu su fara aron makirfo mai kyau kafin komai, domin a fitowar da makashin ke bayanin kansa, ƙarar janareto ta cinye rabin maganarsa, sai da na mayar baya sau uku kafin na ji.