Nasiha ga matasa kan rancen da gwamnati ke tsaya wa

'Yan'uwana matasa, musamman masu shirin buɗe sana'ar yi wa jama'a hidima, irin su ɗinki, aski, gyaran waya ko wanki da guga, akwai bukatar mu fahimci rancen banki da gwamnati ke tsaya wa, domin da yawa daga cikinmu da zarar sun ji an ambaci gwamnati sai su ɗauka rabon arziki ake yi.

Kuɗin na banki ne, kuma shi ke duba takardunka ya amince ko ya ƙi. Abin da gwamnati ke yi shi ne alkawarin biyan bankin wani kaso na asararsa idan ka gaza. An ƙirƙiro tsarin ne saboda mai sabuwar sana'a galibi ba shi da gida ko filin da zai jinginar, mai sana'ar hidima kuwa ya fi kowa shiga wannan hali, tunda jarinsa gwanintar hannunsa ce da amincewar abokan hulɗarsa, waɗanda banki ba zai iya yin gwanjonsu ba. A Amurka, hukumar kula da ƙananan sana'o'i ta SBA, wadda aka kafa a 1953, tana tsaya wa har kashi 85 cikin 100 na rancen da bai wuce dala 150,000 ba a shirinta na rance mai suna 7(a), da kashi 75 na wanda ya haura haka.

Amma wannan alkawari tsakanin gwamnati da banki ne, bashin kuma yana nan a wuyanka har kwabon ƙarshe. A tsarin na Amurka, duk wanda ya mallaki kashi 20 ko fiye na kamfanin sai ya sa hannu cewa zai biya daga dukiyarsa idan sana'ar ta durƙushe, kuma bayan gwamnati ta sallami bankin tana iya juyowa kansa, har baitulmali ya riƙe rarar harajin da ya kamata a mayar masa. A Birtaniya ma, lokacin annobar korona a 2020, gwamnati ta tsaya wa rancen ƙananan sana'o'i na har fam 50,000 ɗari bisa ɗari, duk da haka biyan ya rataya ne a kan waɗanda suka karɓa, wasu da suka yi ƙarya a takardunsu ko suka karkatar da kuɗin kuma an gurfanar da su, an haramta wa wasu shugabancin kamfani na shekaru.

Saboda haka, kafin ka sa hannu, ka zauna ka yi lissafi da idon basira. Biyan wata-wata ba ya jiran masu kawo aiki su san da zamanka, kuma sabuwar sana'a takan yi watanni tana cin kuɗin haya da wuta da albashi kafin ta fara ciyar da kanta. Ka tambayi jimillar abin da za ka mayar, haɗe da kuɗin ruwa da kuɗin tsayawar gwamnati da akan ɗora wa mai karɓa, ka kuma ji ko ruwan tsayayye ne ko yana iya hawa. Wanda ke gudun kuɗin ruwa don addininsa, nan ne wurin tambayar ko akwai tsarin da babu shi, ba bayan kuɗi sun shiga asusu ba.

A ganina, babbar ɓarnar da ake yi ita ce kashe rancen a ƙawata shago da sayen kayan da ba sa jawo aiki. Keken ɗinki na biyu yana da ma'ana ne idan aiki ya yi wa na farko yawa. Idan kuma ka hango wani wata zai gagare ka, ka je wa bankin tun kafin ranar biya ta zo, domin a lokacin ne ya fi sauƙin yarda a sake tsara maka wa'adi.